Ɗaya a Ciki, Ɗaya a Waje

A layin masu gyaran motoci, in ka wuce mai walda ka wuce mai faci, akwai wata rumfar kwano da warin gam ke yi maka sannu da zuwa tun kafin ka hango mai ita. Nan Mai Tamfol yake aiki. Sunansa na yanka yana nan, ba inda ya je, amma ko jikokinsa aka tambaya sai su ce Mai Tamfol. Gajere ne kakkaura, babban yatsansa na dama ya baje saboda tura basilla. Tabaransa kuwa ƙafa ɗaya da zaren ɗinki take riƙe, alhali 'yarsa ta saya masa sabo, yana nan ajiye cikin kwalinsa wai kada ya tsufa. Ba ya yawan magana da mutane. Da mota ce za ka ji shi yana faɗa ƙasa-ƙasa, kamar wadda ta ci amanarsa.

Aikinsa na kullum kujerun mota ne. Ya feɗe tsohuwar fata, ya sauya soso, ya ɗinka sabuwa a kan tsohon kekensa da ake jin ƙararsa har bakin titi. Yana ɗinka wa manyan motoci tamfol, yana ɗaga silin da ya zazzago. Amma abin da ya fitar da sunansa daga layin shi ne yoyo. In mota tana shan ruwan sama ta ciki, aka je nan aka je can, aka yi ta lafta mata gam har ta koma kamar tsohon bokiti, ƙarshenta wani zai ce a kai wa Mai Tamfol. Waɗanda suka san kan abin ba haka suke faɗa ba. Cewa suke yi a kai wa Mai Tamfol da Sufeto.

Sufeto matarsa ce. Shi ya raɗa mata sunan, ya kuwa bi ta har maƙwabta suka ɗauka. Abin ya samo asali tun ɗansu na fari yana goye. Ta kawo masa abincin rana, ta tarar da shi yana fama da wata tsohuwar tasi: ya zuba ruwa a sama da buta, ya ruga ya buɗe ƙofa ya leƙa, ya dawo ya zuba, ya sake rugawa. Ta tsaya ta ƙare masa kallo.

"Wai kai kaɗai za ka zama ruwan sama kuma ka zama fasinja?" in ji ta.

Ta kwanto goyon ta rungume, ta shiga motar ta ja ƙofa. Bai daɗe da zubawa ba ya ji ƙwas a jikin gilashi, da zoben hannunta ta ƙwanƙwasa. Da ya buɗe ta nuna masa da yatsa. "Inda yake ɗiga daban, inda yake shigowa daban. Ta can kusurwa ya shigo, ya biyo wannan ƙarfen, sai nan ya gaji ya faɗo." Shi kuwa tun safe wurin da ruwan ke faɗowa yake ta shafewa. Ya sosa ƙeya ya ce ai shi ma yana gab da ganowa. Har yau in aka tuna masa haka yake cewa.

Tun daga ranar neman yoyo ya zama aikin mutum biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Shi ne na waje. Yakan riƙe tiyo ya rage ƙarfin famfo har ruwan ya riƙa zuba a hankali, don ruwan sama ba da faɗa yake shiga mota ba, lallaɓawa yake yi. Kuma daga ƙasa yake farawa, a gindin ƙofa, ya tsaya a nan ya daɗe har mai kallo ya ƙosa. Sannan ya hau bakin gilashi, ya sake daɗewa, sannan sama. In ka fara daga sama ruwa zai wanke ko'ina lokaci guda, ba za ka san ta wace kafa ya shiga ba. Ita kuma tana ciki da tocila da busasshen tsumma da guntun alli. Gilashi a rufe, ba a jin magana, sai zobe. Ƙwanƙwasa biyu, ci gaba. Ɗaya, tsaya nan.

Haka suka yi shekara arba'in da 'yan kai. Da damina kusan kullum tana rumfar, ta gama aikin gida ta yafa mayafi ta taho, ta sami yoyo, ta yi wa mai walda faɗa kan tartsatsin da yake watso musu, ta yi wa mijinta faɗa kan wandonsa da ke jiƙe daga gwiwa zuwa ƙasa, ta koma. Shi bai taɓa zama a ciki ana zuba ruwa ba. Wa zai zuba?

Sai idonta ya fara janyewa. Ta gefe ya soma. Ta bugi ƙyauren da ta shekara da shekaru tana wucewa, ta ture kofin da aka ajiye kusa da hannunta. Autarsu, wadda ke aikin jinya, ita ta matsa aka je asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙa ɗiga magani a riƙe ɗan abin da ya rage. Abin da ya ragen kuwa kamar leƙe ne ta kafar makulli, shi ma da hazo-hazo. Duk da haka ta ci gaba da zuwa, har ranar da wata mota ta dawo. Sufeto ta zauna a cikinta, ta ƙwanƙwasa biyu-biyu har aka gama, ashe ruwa na gangarowa ta gefen kafaɗarta ba ta gani ba. Mai motar bai faɗi baƙar magana ba, cewa kawai ya yi har yanzu da ɗan saura. Tana zaune a benci ta ji. Ta tashi ta lalubi keken ɗinki ta ajiye allinta a kai, ta ce a raka ta gida. Ba ta sake zuwa ba.

A gida ta koma ɗaki. Matar da muryarta ke cika tsakar gida tun asuba, yanzu sai zama a bakin gado, hannuwa a cinya, rediyo a kashe. A kawo abinci ta taɓa kaɗan ta ture. Kome aka ce mata sai ta ce "to". Wannan "to" ɗin ita ta fi tayar wa Mai Tamfol hankali. Ya gwada duk abin da ya san yana tunzura ta. Ya shigo ɗaki da takalmi. Ya bar ƙofa a buɗe sauro na shiga. Ya zuba wa shayinsa sukari cokali bayan cokali, yana kaɗawa da ƙarfi don ta ji. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Makantar ba ita ta fi ba shi tsoro ba, don ya ga makafi suna rayuwarsu har da dariya. Tsoronsa shi ne matarsa ta tafi ta bar masa gangar jiki a bakin gado, kuma kullum ƙara nisa take yi.

Ana cikin haka damina ta kankama, wani da ake kira Mai Hoto ya shigo layin da jar motarsa. Irin motar nan ce mai kujera biyu, da rufin tamfol da ake naɗewa baya a bar sama a buɗe. Ta tsufa amma tana da kyan gani, shi ya sa ya saye ta: yakan yi mata ado da furanni, masu son hoto su zauna a ciki ya ɗauke su. Ya fito yana riƙe da bayan rigarsa, wandonsa sharkaf.

"Baba, dube ni don Allah," ya ce. "Daga nan wurin aiki zan je. Wa zai yarda cewa mota ce ta yi min haka?"

Mai walda ya ce shi dai ba zai yarda ba. Aka yi dariya, Mai Hoto ya ajiye makulli ya tafi yana tafiyar kaguwa.

Mai Tamfol ya rasa na ciki. Ya sa mai walda, bawan Allah ya ji kujera mai laushi da sanyin ruwa a kan tamfol, barci ya kwashe shi. Sai ranar da Auta ba ta da aiki ta zo ta zauna masa. Da ita suka gano cewa ɗinkin da ke saman gilashin baya, ta hagu, zarensa ya ruɓe, ruwa na tsattsafowa ta nan. Aikin rabin yini ne. Ya ɗauko basilla da zare, har ya zura, sai ya tsaya yana kallon wurin. Ya mayar da basillar cikin gwangwani. Ya sa tsumma ya goge alamar allin da Auta ta yi, tas.

Auta ta san mahaifinta. "Baba, me kake shiryawa?"

"Ba mu ga kome ba yau."

"Baba, Inna fa ba yarinya ba ce."

"Ke dai ki ja bakinki ki yi shiru. Ni na san matata."

Ya san ta kam, amma da alama ya manta ita ma ta san shi. Ya koma gida ya fara wasansa. Mutumin da bai iya ƙarya ba in ya tashi yi sai ya zuba mata gishiri da yawa. Ya zauna cin abincin yamma yana ajiyar zuciya kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce motar nan ta gagare shi. Ta ce to. Washegari ya ce ya zagaye ta har jiri na ɗibarsa, bai ga kome ba. Ta ce to. Da ya ga abin ba ya ci, ya ce Mai Hoto zai ɗauke motarsa ya kai wani wuri, a riƙa cewa Mai Tamfol ya tsufa.

"Ai ka tsufa," ta ce.

Daɗi ya kama shi, don rabon da ta mayar masa da magana har ya manta. Ya matso. "Ki zo ki duba min, Sufeto."

"Da wane idon?"

"Ki zo ki zauna kawai. Ko ba ki ga kome ba. Ni hannuna ba ya zuba ruwa daidai in ba ke ce a ciki ba."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, wataƙila shi ya sa ta ratsa ta. Har ya fid da rai, sai ta ce a nemo mata mayafinta mai kauri, gari da sanyi.

Da hantsi suka shigo layin, tana riƙe da gwiwar hannunsa, sama ta yi duhu da hadari. Mai faci ya miƙe tsaye. Mai walda ya kashe wuta ya ɗaga gilashin fuskarsa yana kiran Sufeto ta dawo, yau layi zai shiga taitayinsa. Ta amsa gaisuwarsu a taƙaice. Motar gajeriya ce, sai da Mai Tamfol ya dafa mata kai kada ta bugu, ta zauna a kujerar dama. Ya sa mata allinta a tafin hannu, wanda ta bari a kan keke, bai taɓa yarda wani ya taɓa shi ba. Ya rufe ƙofa ya kunna famfo.

Zumuɗi ya ci shi. Ya watsa wa gindin ƙofa ruwa sama-sama, ya shafi bakin gilashi, sai ga shi a kan ɗinkin baya ta hagu, ya kafe a nan yana leƙen ta ta gefen ido. Ya ga ta juya, ta miƙa hannu baya tana shafa tamfol, yatsunta suka tsaya a wurin. Ƙwas, guda ɗaya.

Ya yar da tiyo ya zagayo ya buɗe ƙofa, baki har kunne. "Kai! Kai! Sufeto! Ashe nan ne? Ni da na yi ta..."

"Kashe famfon."

Muryar ba ta wasa ba ce. Ya je ya kashe ya dawo, ya tsaya.

"Tun yaushe ka san da wurin nan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun ina da goyo nake jin zubar ruwanka ta cikin mota," ta ce. "A ƙasa kake farawa, ka daɗe har in ji kamar in fito in karɓe tiyon. Yau ka wuce ƙofa kamar wanda kare ya biyo. Ka zo nan ka tsaya kana jira na. Makancewa na yi, Malam, ban koma yarinya ba, da za a ɓoye min abu a tafin hannu a ce in nemo. Da ka bar ni a ɗakina ya fi min wannan. Can aƙalla ba wanda ya mai da ni abin tausayi a gaban mutane."

Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. Mai walda ya sauke gilashin fuskarsa ya kama wani ƙarfe da ba ya bukatar walda. Mai Tamfol ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya yi niyyar ɗaga ta, ga shi da hannunsa ya ƙara danna ta. Ya durƙusa a bakin ƙofar, gwiwarsa cikin ruwan da ya kwanta.

"Tsoro na ji," ya ce. "Kin daina yi min faɗa. Na shiga ɗaki da takalmi ba ki ce kome ba. Ban san yadda zan yi ba."

Ta ce ya matsa za ta fita. Ta sa hannun dama a ƙasa, ta bayan kujera, don ta dogara ta miƙe, sai ta tsaya a haka. Ta danna kafet ɗin. Ya ji ƙarar da kunnensa, irin ta soson wanka in an matse shi. Ta ɗago hannun ta sansana.

"Ɗinkin da ka ɓoye min na hagu ne, ko?"

"Na hagu ne."

"To wannan ruwan na dama daga ina? Kuma ba na yau ba ne, ya kwana ya yi wari." Ta sake dannawa. "Ɗigon can ko cokali ba zai cika ba. Nan bokiti guda ne kwance. Kai da ka ɗinke can ka sallami mutum, da ruwan farko zai dawo maka da wandonsa a hannu."

Mai Tamfol ya miƙa hannu ya taɓa. Shi da ya zo yin wasan bai gano ba, ashe da gaske bai gano ba. Ya ga ɗigo ya yi murna, ya ɗora masa laifin duka, kuskuren da ya yi a kan tsohuwar tasi tun yana matashi.

Ta mayar da ƙafarta cikin motar ta gyara mayafi. "Rufe ƙofar. Ka je ka zuba kamar mutumin kirki."

Wannan karon daga ƙasa ya fara. Ya tsaya a gindin ƙofar dama har ƙafarsa ta yi sanyi. Ƙwas ƙwas. Ya hau bakin gilashi, ya bi robar a hankali. Ƙwas ƙwas. Ta cikin gilashin yana ganin ta, ba ta ko kunna tocilar ba. Ta rufe idon ma gaba ɗaya, ta kwantar da kunnenta a jikin bangon motar ta bayan kujera, tafin hannunta ɗaya a ƙasa. Ya matsa baya, inda gindin tamfol ke shiga jikin mota, ya saki ruwan a nan. Shiru. Ba biyu, ba ɗaya. Ya ci gaba da riƙewa, yana roƙon Allah a ransa kada ta fito hannu wofi, don ya san in ta fito haka ba mai sake fito da ita daga ɗaki. Hannunsa ya gaji ya sauya. Sannan ya ji ƙwas.

Da ya buɗe ta ce, "Je ka zuba a daidai nan ta hagu." Ya je ya zuba. Ta kira shi. "Na hagu ina jin sa yana wucewa, yana sauka ƙasa. Na dama shiga yake yi ya tsaya, yana taruwa, sai ya cika ya malalo ta nan ƙarƙashin hannuna. Leƙa ƙarƙashin motar ka gaya min."

Ya kwanta a ƙasa ya leƙa. Ta hagu, gaban tayar baya, ruwa na tsiyaya. Ta dama ƙasa a bushe.

Irin wannan rufin ba a yi shi don ya hana ruwa gangarowa ba. Ruwan yakan bi tamfol ya sauka cikin wani ɗan kwalbati da ke ɓoye a gindinsa, daga nan ƙaramar kafa ta fitar da shi ƙasa. Mai Tamfol ya naɗe rufin rabi, ya zura hannu har gwiwa, ya ji ruwa kwance a kwalbatin dama. Ya karɓo tsohuwar wayar birkin keke wurin mai faci, ya lalubi kafar ya zura a hankali yana murzawa, kada ya huda bututun. Ta cije, ya ja baya, ya sake turawa. Sai ga baƙin ruwa ya ɓalle ta ƙasa, da ruɓaɓɓen ganye da yashi, da wasu 'yan abubuwa ja da fari suna yawo a ciki. Ya tsinci ɗaya ya sa mata a hannu.

Ta murza. "Furen roba ne."

"Na adon Mai Hoto."

"To ka gaya masa shi ya jiƙa wandonsa da kansa. Kuma ka tashi daga ƙasan nan, tsoho da kai kana birgima cikin ruwa, in sanyi ya kama ƙirjinka wa zai yi jinyarka?"

Mai Tamfol ya tashi. Ya juya baya yana goge tabarau da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Sauran aikin tare suka yi. Suka cire kafet aka shanya a kan benci, ya tsane ƙasan motar da tsumma. Ya zauna ɗinkin hagu, ita kuma tana ja masa zare cikin kaki don ya toshe ramin allura, aikin da yatsa ke yi ba ido ba. Ta ce zaren da ya yanko ya yi gajere. Ya ce daidai ne. Ya yi gajeren. Da ya gama ya bi bayan ɗinkin da gam siriri, ya goge robobin ƙofa ya shafa musu mai.

La'asar ta yi, iska ta taso, hadarin da ya wuni yana alkawari ya sauko. Zai tura motar cikin rumfa ta ce ya bar ta a waje, ga gwaji na gaskiya ya zo har gida. Ta sa ya kai ta ta zauna a kujerarta, ya rufe ƙofa. Ruwa ya kece. Masu layi duk suka ruga ƙarƙashin kwano, shi kuwa ya tsaya a gefen motar inda ya saba tsayawa, hannu babu tiyo, ruwa na dukan ƙeyarsa, bai san abin da zai yi da kansa ba.

Ƙwas ƙwas ƙwas.

Uku ba ta cikin abin da suka saba. Ya sunkuyo yana leƙe. Ta laluba ta buɗe ƙofar kaɗan. "Yau ba kai ke zubawa ba. Shigo mana, ko sai ka narke?"

Ya zagaya ya shiga kujerar direba ya ja ƙofa. Nan take duniya ta rage ƙara. Ruwan na sauka a kan tamfol dab da kansu, da wani sauti mai taushi da bai taɓa ji ba, gilashi ya yi hazo, layin duk ya ɓace. Wurin ƙanƙane ne, kafaɗarsa na gogar tata. Warin gam da kaki, da ƙanshin man da take shafawa.

"Ashe haka ake ji a ciki," ya ce.

"Haka ake ji."

"Shi ya sa ba kya son fitowa da wuri."

"Kai dai ka yi shiru ina saurare." Ta karkata kai dama, ta karkata hagu. "Duka biyun suna sauka." Can ta ƙara da cewa, "Ban huce ba fa."

"Na sani."

Suna zaune a haka ya ji wani abu mai sanyi a gwiwarsa ta hagu. Wandon a jiƙe yake, amma wannan daban ne, daga sama ya faɗo. Ya ɗaga kai. A can kusurwa, inda bakin rufin ke haɗuwa da gilashin gaba, wani ɗigo na taruwa a jikin roba, ya yi nauyi, ya sake faɗowa. Ba ya ƙara, a kan yadi yake sauka. Tana can ɗaya gefen, ba za ta gani ba, ba za ta ji ba. Fuskarta a sake take, rabon da ya gan ta haka tun kafin asibiti. Yana iya yin shiru ya bar mata yininta cikakke, gobe da sassafe ya lallaɓo ya gyara abinsa shi kaɗai. Har ya sa tafin hannu ya rufe gwiwar.

Sai ya janye hannun.

"Sufeto."

"Na'am."

"Akwai ɗigo a nan. Kusurwar gaba, ta wajena. Ban san ta inda yake shigowa ba."

"Da gaske ba ka sani ba, ko irin na ɗazu?"

"Wallahi ban sani ba."

Ta miƙo hannu, ya kama ya kai shi wurin. Ta bar shi a buɗe har ɗigon ya sauka a tafinta. Ta bi robar da yatsa zuwa sama iyakar inda hannunta ya kai, ta dawo da shi cinyarta.

"Ba nan yake shigowa ba," ta ce. "Yanzu ruwa ya wanke ko'ina, ba za a gane ba. Sai ta bushe." Ta laluba ta ɗaure guntun allin a bakin mayafinta. "Gobe ka tashe ni da wuri. Kuma ka zo da wani wandon."